Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Amfilifayar Kawu da Makomar Waƙoƙinmu na Baka

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya wayi gari a Maiduguri ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024 ba ya buƙatar a ba shi labarin ɓarnar da ruwan madatsar Alau ya yi. An rasa rayuka, an rasa gidaje da dukiya mai yawa, kuma ba nufina ba ne in kwatanta wannan babban rashi da ɗan abin da zan yi magana a kansa. Sai dai akwai wata asara da ta biyo bayan ruwan, wadda ba a ƙidaya ta ba, kuma mu ɗaliban harshe da adabi ta fi shafa.

Bayan ruwa ya janye, na je unguwar Gwange domin in taya kawuna fitar da kayan da suka lalace. A cikin tarin jiƙaƙƙun katifu da littattafai da aka jibge a ƙofar gida, sai na hangi wata tsohuwar amfilifaya ƙirar Sansui, da garmaho mai aiki da lantarki, da kwalaye biyu cike da faya-fayai, duk laka ta rufe su. Har wani yaro mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da kurarsa, ana cinikin amfilifayar a kan nauyinta. Na roƙi Kawu ya bar mini. Ya dube ni ya ce, "Me za ka yi da mushe? Kai da kake da waƙoƙi dubu a waya?" Na ce, "Kawu, a dai bar mini." Ya ce in kwashe.

Kawu ya sayi waɗannan kaya ne a 1975, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, wadda Maiduguri ce hedkwatarta. Shekarar ce ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kowa ya shiga sayen babur da rediyo da kayan sauti. A cikin kwalayen akwai faya-fayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, akwai na waƙoƙin finafinan Indiya, da na mawaƙan Kwango, da na Jim Reeves wanda iyayenmu suka so ƙwarai.

Ra'ayin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne: tsohon faifai matani ne na adabin baka, daidai yake da tsohon rubutun ajami da ake samu a gafakar malam. Amfilifaya da garmaho kuwa su ne idon da ake karanta shi da su. Saboda haka gyara su da adana su aiki ne da ya rataya a wuyan ɗalibin Hausa, tun kafin masu iya gyaran su ƙare.

Yadda Faifai Yake Magana

Da yawanmu an haife mu bayan faifai ya bar kasuwa, don haka ya kamata mu ɗan waiwaya. A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙirƙiro na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita. Bayan shekara goma, wato a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Hausawa da suka ga abin, sai suka ara masa sunan faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi, saboda kamannin da suka yi. Wannan ma kaɗai darasi ne ga mai nazarin faɗaɗa ma'anar kalma, domin har yau muna cewa faifan bidiyo alhali babu wani abu mai kewaye a cikin wayarmu.

Faya-fayai iri uku ne suka fi yaɗuwa. Na farko shi ne mai zagaye 78 a minti ɗaya, mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda aka yi da wani irin ƙaro da ake kira shalak. Kowane gefensa yawanci ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba mai zagaye 33 da sulusi, wanda gefe guda ke ɗaukar kimanin minti ashirin. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai zagaye 45. A nan Nijeriya, kamfanoni irin su EMI da Decca da Polygram sun yi zamani a Legas suna ɗaukar mawaƙa suna buga faya-fayansu, har zuwa lokacin da kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, masu satar fasaha kuma suka ƙarasa kashe cinikin.

A jikin faifai akwai siririn kwari guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Bangon wannan kwari yana da lanƙwashe-lanƙwashe daidai da kaɗawar sautin da aka ɗauka. Idan allura ta bi ta ciki sai ta riƙa girgiza, girgizar kuma ta zama 'yar ƙaramar wutar lantarki, wadda ba ta da ƙarfin da za ta motsa lasifika. Aikin amfilifaya ke nan: ta karɓi wannan raunanan sauti ta ƙarfafa shi. Akwai kuma aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun wajen 1954 kamfanoni suka daidaita a kan wata ƙa'ida, cewa lokacin yanka faifai za a rage ƙarfin sauti mai kauri a ƙara na siriri, domin kwarin ya yi matsatsi faifai ya ɗauki waƙa mai tsawo. Amfilifaya ce ke mayar da kowane sauti matsayinsa, ta wata kafa da aka rubuta wa Phono a bayanta. Yawancin kayan sautin da ake sayarwa a kasuwanninmu yanzu ba su da wannan kafa. Idan ka jona musu tsohon garmaho kai tsaye, za ka ji murya can ƙasa-ƙasa, siririya kamar kukan sauro, kalangu kuwa ya ɓace ɗungurum. Shi ya sa tsohuwar amfilifaya take da muhimmanci.

A Rumfar Mai Gyara

Neman wanda zai gyara ta ya fi komai ba ni wahala. Na zaga wurin masu gyaran waya da masu gyaran talabijin, kowa sai ya yi dariya ya ce in sayi sabuwa. Daga ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijo mai gyaran rediyo. Dā yana da rumfa a Kasuwar Monday, amma gobarar da ta cinye kasuwar ranar 26 ga Fabrairu na 2023 ta haɗa da kayan gyaran da ya shafe shekaru yana tarawa, ya koma aiki a zauren gidansa.

Na gaishe shi na ajiye amfilifayar a gabansa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Ɗana, kun jona ta da wuta bayan ruwan?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To kun taimake ta. Ruwa ba ya kashe irin waɗannan, gaggawa ce ke kashe su."

Mako uku na yi ina zirga-zirga zuwa zauren nan, kuma abin da na koya a wurin ya cancanci a rubuta. Da farko ya kwance ta, ya wanke lakar, ya bar ta kwanaki a inuwa mai iska har taransifomar ta bushe sarai. Sannan ya ciro wasu 'yan gwangwanaye da ya kira kondensa, ya nuna mini yadda kawunan wasu suka kumbura. Ya ce a cikinsu akwai wani ɗan ruwa-ruwa da ke bushewa da tsufa, kuma zafi na gaggauta bushewar. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ba abin mamaki ba ne a ce su ne ke fara mutuwa. Idan ka ji tsohuwar amfilifaya tana gurnani ko babu waƙa, to, mafi yawa su ne. Ƙarar kwarkwasa da ake ji idan an murɗa maɓallin ƙara murya kuwa, ƙurar hunturu ce da tsatsa suka shiga ciki, magani kawai a wanke. Ya bi duk inda dalma ta tsage ya sake liƙewa.

Ranar da zai kunna ta, sai na ga ya haɗa ƙwan fitila irin na dā a tsakanin amfilifayar da soket. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wannan shi ne ɗan leƙen asirina. Idan akwai inda wayoyi suka haɗe a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, ba abin da zai ƙone. Idan ya ɗan haska ya dushe, lafiya ke nan." Ƙwan ya haska ya dushe.

Garmahon ma ya sha gyara. Robar da ke juya shi ta narke ta zama kamar kwalta, allurar kuma ta cinye, sai da aka aika Legas aka samo wata. Baba ya ja kunnena a kan kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka. Wutarsu ta kusan rabin tamu ce, don haka wanda ya jona ba tare da ya duba ba, hayaƙi zai gani. Haka kuma wutarsu na bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma akwai garmahon da injinsa ke bin wannan bugun. Irin wannan idan ya zo nan sai ya riƙa juyawa a hankali, muryar mawaƙi ta yi kauri, waƙar ta yi nawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na tambaye shi yaransa. Ya ce duk sun koma gyaran waya, domin can ne abinci yake, kuma bai ga laifinsu ba. Ya ƙara da cewa, "In na tafi, sai dai ku kai ta ga masu auna ƙarfe."

Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Mai karatu zai iya cewa, to wannan ai aikin 'yan sashen injiniya ne. Bari in kawo dalilai huɗu da suka sa nake ganin namu ne.

Na farko, mawaƙin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Shata daga ɗauka daban-daban ya san cewa ɗiyan waƙar na ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri, gwargwadon inda aka yi ta da waɗanda ke zaune. Saboda haka idan ɗalibi ya ce ya yi nazarin waƙa kaza, tambayar farko ita ce: wace rerawa? Faifai yana ba da amsa, domin a takardar tsakiyarsa da kwalinsa akwai sunan kamfani, da lambar faifai, da jerin waƙoƙi, sau da yawa har da shekara. Malamanmu na sa mu karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya fito a 1993, kuma cikin abubuwan da muke koya tun farko akwai bin salsalar waƙa da shekarar da aka yi ta. Yaya za mu bi salsala da waƙar da wani ya tura mana ta WhatsApp, babu suna, babu shekara?

Na ga wannan da idona, ko in ce na ji da kunnena. Ranar da na mayar da kayan gidan Kawu muka ɗora faifan Shata, sai na tarar da wata waƙa da nake da ita a waya, har na taɓa rubuta ta a wani jinga. Ashe ta wayata an yanke mata farko, an yanke ƙarshe, kuma wata kalma da na rubuta bisa zato ba ita ba ce. A faifai ta fito rangaɗau. Kunya ta kama ni, domin a kan wannan kuskuren ji na gina sharhin rabin shafi.

Wannan ya kai mu ga dalili na biyu, wato ingancin sauti. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu daga kaset aka kwafe su, kaset ɗin ma kwafen kwafe ne, sannan aka matse su domin su yi sauƙin turawa. Kowane kwafen kaset yana ƙara shuu, yana dusar da siraran sautuka. Mu da muke rarrabe s da sh da ts, da k da ƙ, da dogon wasali da gajere, mun san cewa ɗan wannan dushewa na iya sauya ma'anar ɗa guda na waƙa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Allah Ya jiƙansu. Faifai mai tsabta na daga cikin abin da ya fi kusa da bakinsu a yanzu.

Na uku, faifai ya yi tasiri a kan tsarin waƙar kanta. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a dandali, idan ya shiga ɗakin ɗauka dole ya tsuke ta ta dace da gefen faifai. Me ya zubar? Me ya riƙe? Wa ya ambata a dandali ya ƙi ambata a faifai, saboda ya san za a ji shi a ko'ina? Kwatanta rerawar faifai da ta gidan rediyo ko ta wurin biki kundin digiri ne sukutum, kuma ba ya yiwuwa sai an san wace ce wace.

Na huɗu, faifai yana tayar da tsofaffi. Kawu da ya kira kayan mushe, da ya ji kalangu ya tashi sai ya gyara zama. Ya shiga gaya mini ko wane ne wane a cikin waɗanda aka ambata, da abin da wata karin magana ke nufi a wancan zamani, da shagon da ya sayi faifan, da abokan da suke taruwa su saurara bayan an tashi daga aiki. A awa biyu na cika shafi shida. Na sha zama da Kawu, bai taɓa ba ni wannan labari ba sai da allura ta hau faifai.

Hujjojin Masu Suka

Na tattauna wannan batu da abokai a ɗakin kwana, kuma sun kawo suka iri uku waɗanda ya kamata in amsa da adalci.

Wasu sun ce wannan yayin Turawa ne nake son in shigo mana da shi. Gaskiya ne faifai ya dawo kasuwa a ƙasashensu. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da faya-fayan garmaho kimanin miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan tun 1987 da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki. Masu kuɗinsu na sayen tsofaffin amfilifayoyin Marantz da Pioneer da Sansui su gyara, suna cewa sautin faifai ya fi kowane sauti daɗi. Ni ban shiga wannan gardama ba, kuma ban yarda cewa faifai ya fi kwafen dijital mai kyau inganci ba. Faifai yana ƙarcewa, yana lanƙwashewa, kuma duk sa'ad da allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci shi. Bature na komawa faifai don sha'awa, domin waƙoƙinsa na nan a adane a wurare da yawa ko da faifansa ya fashe. Mu kuwa akwai rerawar da mai yiwuwa kwafinta mafi kyau yana cikin wani kwali a ƙarƙashin gado a Hausari ko Bulumkutu. Burina shi ne a kunna faifan sau ɗaya da kayan kirki, a kwafe shi a kwamfuta, a rubuta bayaninsa, sannan a bar shi ya huta.

Wasu kuma sun ce yawancin waƙoƙin Hausa ba a faifai suke ba, a kaset suke da manyan zaruruwan ɗauka na gidajen rediyo, irin su Rediyon Nijeriya na Kaduna. Wannan gaskiya ne, kuma ƙarfafa hujjata yake yi. Kaset ya fi faifai saurin lalacewa, zafi da danshi na cin sa, na'urar kunna shi ma ta fara wuyar samu. Amfilifayar da ke karɓar garmaho ita ce ke karɓar na'urar kaset, dattijon da ke gyara wannan shi ne ke gyara waccan. Idan muka rasa shi, duka biyun muka rasa.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi. Aka ce da ni, a garin da ya sha rikici fiye da shekara goma, wanda ya yi dogon zama cikin duhu bayan an fasa turakun wutar hanyar Damaturu a 2021, wanda kasuwarsa ta ƙone, ruwa kuma ya ci shi, wa ke ta faifai? Ban musa cewa abinci da matsuguni su ne kan gaba ba. Amma waɗannan masifu su ne ainihin dalilin gaggawa. A inda ake zaune lafiya, faifai na iya jira shekara hamsin a kan kanta. A nan mun ga yadda dare ɗaya ke share abin da aka tara tun 1975. Na lura da wani abu a kwalayen Kawu: faya-fayan roba sun tsira, wanka kawai suka buƙata, amma kwalayensu da yawa sun ruɓe, takardun tsakiya na wasu sun saɓule. Wato murya ta tsira, suna da shekara sun tafi. Da wani ya ɗauki hoton kwalayen nan da waya kafin ruwa, da ba a yi wannan asara ba.

Kada kuma mu ɗauka cewa in mun yi sakaci abin zai jira mu. A 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka a 1978, bayan mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗinsa a wani ɗakin adana kayan tarihi a Yamai. A shekarar dai kamfanin ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a kan faifan garmaho mai suna Harafin So. Tun kafin su, David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a farkon shekarun 1960, aka buga su a faya-fayai biyu cikin jerin na UNESCO, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Sun yi aikin kirki, a yaba musu. Amma abin kunya ne a ce jikan makaɗi sai ya nemi izini a wata ƙasa kafin ya ji muryar kakansa.

Abin Da Za Mu Iya Yi

Wannan aiki ba baƙo ba ne a jami'armu. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka gudanar da shirin Borno Music Documentation Project a nan, tare da masana daga Jamus irin su Raimund Vogels, inda aka ɗauki kaɗe-kaɗen al'ummomin Borno aka adana. Abin da nake kira gare shi ƙaramin reshe ne na irin wannan aiki, daidai ƙarfin ɗalibi.

Na ɗaya, kowannenmu idan ya je hutu ya tambayi iyaye da kakanni ko akwai faifai ko kaset a gida. Kada ya kunna. Ya ɗauki hoton kwali gaba da baya, da takardar tsakiya ta kowane gefe, ya rubuta mai shi da inda ya saya. Wannan ba ya cin ko sisi.

Na biyu, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta nemi amfilifaya ɗaya, garmaho ɗaya, da na'urar kaset ɗaya, a gyara su a ajiye a wuri mai inuwa, a haɗa da kwamfuta. Ba su cin wuta da yawa, ƙaramin sola ya ishe su, sai dai a sa musu sitabilaiza. Duk wanda ya kawo faifai a kwafe a mayar masa da abinsa tare da kwafi. A ajiye kwafin a wurare biyu ko uku, ɗaya a wajen gari. A kuma kiyaye haƙƙin iyalan mawaƙa: don nazari muke kwafa, ba don ciniki ba.

Na uku, mu koyi kula da su. Faifai a tsaye ake jera shi, ba a jibge wani kan wani, kuma ba a barinsa a rana ko cikin mota. A gefe ake riƙe shi. Da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi ake wanke shi, ana bin kewayen kwarin, ba tare da an jiƙa takardar tsakiya ba. Kada a kusantar da sifirit ga faifai mai zagaye 78, domin yana narkar da shalak. Kada kuma a ɗora faifan roba a kan garmahon wani mai allurar ƙarfe, sau ɗaya ya isa ya kashe shi.

Na huɗu, mu je wurin tsofaffin masu gyaran rediyo da waɗanda suka taɓa sayar da faifai mu yi hira da su. A bakinsu akwai tarihin gari, akwai kuma tarin kalmomin sana'a, na aro da na ƙirƙira, waɗanda suka cancanci shiga ƙamus. Mu ja abokanmu na sashen injiniyan lantarki su zauna da su su koyi hannu.

Kammalawa

Amfilifayar Kawu tana aiki yanzu, a ɗakinsa take, a kan kanta mai tsawo. Daga cikin faya-fayansa na kwafe goma sha ɗaya, saura kuma ina bi a hankali. Shida daga ciki ba su da sauran takarda, sai abin da Kawu ya iya tunawa, shi ma shekaru sun ja. Duk ranar da na je sai in tarar ya tuno wani abu ya sa jikarsa ta rubuta mini a takarda.

'Yan'uwana, a kowace unguwa ta garin nan akwai irin wannan kwali, kuma masu kura na zagayawa kullum. Idan hutu ya zo, kafin ka nemi abin da za ka rubuta kundinka a kai a intanet, ka fara leƙa ƙarƙashin gadon kakanka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.